Gudu na Ɗari na Parkin

Thorpe Lane, kusa da Newark,
Talata, 18 ga Fabrairu.

Zuwa ga 'yata Bryony,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Marek da jikata Imogen. Allah Ya tsare ku daga sanyin Calgary ɗin nan da kike ba ni labari, Ya ba ki ƙarfin aikin asibiti, Ya raya mana Imogen cikin albarka. Mu nan lafiya, gwargwadon hali. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta. An cire wa Gwaggonki Enid yanar ido, yanzu ba gidan da take shiga ba ta hango ƙura a kan kabad ba, nawa kuwa ta ce sai dai a rushe a sake gini. An gyara rufin coci, amma har yanzu yana yoyo daidai kujerar da muke zama. Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya Lahadi muka yi waya. Kin tambaye ni Parkin, dokin Mamanki, na ce miki yana cin abincinsa. Ban yi ƙarya ba, yana ci. Sai dai ba a bargar Kawunki Clem yake ci ba, kuma abin da bakina ya kasa faɗa ke nan. Ki zauna ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Bari in fara da kaina, ba don neman tausayi ba, don dai ki san da wane irin mutum abin ya faru. Tun da muka binne mahaifiyarki a Nuwamba ina tashi ƙarfe shida, in sha shayi, in buɗe littattafan gudu, in rubuta wa jarida zaɓina na tseren dawakin gobe, in ci abin da Enid ta ajiye, in kwanta. A coci ana ta yabona wai Alwyn namiji ne, ko hawaye bai yi ba. Ba jarunta ba ce. Kin san yadda baki yake bayan likitan haƙori ya yi masa allura, ki taɓa ki san naki ne amma ba ki jin komai? Haka nake gaba ɗayana wata uku ke nan. Ba na baƙin ciki, ba na farin ciki, ina nan dai.

Kina wurin ranar da mahaifiyarki ta yi maganar, a ɗakin asibiti, kina ɓare mata lemon da ba ta sha ba. Ta ce dokinta gudu casa'in da tara ya yi, saura ɗaya. Ta ce in cika masa ɗari, in sa a cire masa takalman ƙarfe, in sake shi a filin bayan gida ya yi ta cin ciyawa har kwanansa ya ƙare, kuma kada in kuskura in sayar da shi ko fada ce ta aiko. Na ce to. Ta ce a'a, ita ta san to ɗina shekara arba'in da ɗaya, in buɗe baki in ce na yi alkawari. Na ce na yi alkawari, kika yi dariya kina share ido da bayan hannu. Ke kika raɗa masa sunan nan tun yana ɗan shekara biyu, wai launinsa ɗaya da kek ɗin citta mai wannan suna da Mamanki ke gasawa, har mutane suka manta da dogon sunansa na takarda. Kin kuma san al'adarta da alli a bayan ƙofar ɗakinsa. Ba ta jan layi ranar da ya fita tsere, sai ya dawo ya shiga da ƙafafunsa huɗu ya sa baki a ruwa, sannan ta ja. Layi casa'in da tara ne a ƙofar nan, biyar biyar, da hannunta.

Gudu ɗaya, kamar ba wani abu ba. To amma da sanyi ya shigo filayen ciyawa suka rufe, duk mai doki a ƙasar nan ya dawo kan yashi. Tseren da ke ɗaukar dawaki goma sha huɗu sai a rubuta talatin, a fara zubarwa daga ƙasa. Parkin shekararsa goma sha biyu, rabonsa da zuwa na ɗaya shekara biyu da rabi, makinsa ya yi ƙasa sosai. Sau biyar Clem yana rubuta sunansa, sau biyar ana jefo mu waje. Ni kuwa a Janairu na riga na gyara shingen filin bayan gida, na sa sabuwar ƙofa, na wanke kwamin ruwa. Kullum in na leƙa ta tagar kicin sai in ga fili a shirye babu doki. Abin bai sosa mini rai ba, ya dai tsaya mini kamar aikin da aka bari rabi, kin kuwa san ni da aikin rabi.

Sai na hango tseren gwanjo a jadawalin filin tserenmu, ranar Alhamis shida ga wata, mil ɗaya da rabi, dawaki shida kacal. Kin tashi a cikin harkar, kin san ƙa'idarsa: wanda ya zo na ɗaya, tun gumi bai bushe masa ba za a zagaya da shi gaban jama'a a yi gwanjonsa, kowa na da ikon tayawa. Mahaifiyarki ta tsani irin tseren nan, ko kallonsa ba ta yi. Da na kai wa Clem maganar ya ce in fita masa daga barga, wai so nake 'yar'uwarsa ta taso daga kabari ta shaƙe shi. Washegari na ɗebi littattafaina na baje masa a teburin kicin, tsakanin kwalbar jam da maganin tsutsar dawaki. Na nuna masa wata goɗiya 'yar shekara huɗu daga Lambourn da aka sauko da ita daga tseren manya, wadda ko da ƙafa uku za ta cinye su. Na nuna masa wani farin doki da ya ci a filin nan a Disamba cikin lokaci mai kyau. Na nuna masa na uku, wanda a Oktoba ya bar Parkin da tsawon doki tara, kuma yanzu nauyi ɗaya za su ɗauka. A lissafina Parkin na biyar zai zo, in ya tashi da ƙafar dama na huɗu. Na ce Clem, shekara talatin da huɗu ina karanta gudun dawaki, ka taɓa ganin na yi kuskure irin wannan? Ya ce ya sha gani, amma ba har sau uku a tsere ɗaya ba. Da haka ya yarda.

Ranar akwai wani tsere a arewa, Clem yana da dawaki biyu a can. Ya ce zai fasa tafiya ya tsaya tare da ni. Ni na hana shi. Na ce ya je ya nemi abincinsa, ba abin da zai faru a nan sai tsohon doki ya zagaya fili ya dawo, Madge ta isa. Kin tuna Madge, mai kula da dawakin Clem, wadda ta koya miki ɗaure sirdi tana zaginki. Har yanzu ita ke share Parkin, kuma har yanzu bakinta bai mutu ba.

Akwai ƙa'idar da na riƙe tun da na fara rubutu a jarida: dokin gidanmu layi ɗaya yake samu, kamar na kowa, ba yabo ba fallasa. Ranar Laraba na karya ta. Na zaɓi goɗiyar Lambourn, na sa farin a bayanta, na bayyana dalilaina yadda na saba. Sannan hannuna ya ci gaba da rubutu. Na ce na shida a jerin tsoho ne da ya zo sallama, gobe gudunsa na ɗari. Na ce a shekara goma bai taɓa ɗingishi ba, bai taɓa barin hatsi a kwano ba, da kansa yake shiga mota, ƙafafunsa sanyi ƙalau kamar na ɗan shekara uku, ko jariri aka ɗora masa zai kai shi gida lafiya. Na ce ba zai ci ba, kada kowa ya zuba ko kwabo a kansa, amma wanda ke kusa ya zo ya tafa masa. Edita ya bugo waya ya ce ashe akwai zuciya a ƙirjina, shi ya ɗauka agogon awon gudu ne a wurin. Ya ƙara da cewa gara in koma rubuta irin wannan, don tun Nuwamba zaɓina ba ya ci, har 'yan caca sun fara cewa a duba wanda Alwyn ya zaɓa a tsallake shi. Na ce masa rashin sa'a ne, yana zuwa yana wucewa. Haka na ɗauka har raina.

Kin san mahaifiyarki shekara ashirin da shida ta yi tana dafa wa ma'aikatan barga abinci a filin nan. Kowace safiya kafin ta shiga kicin sai ta ratsa ta ƙarƙashin shinge, ta danna dunduniyarta a yashin, ta ɗan murza. Masu tarakta kuma a wurinta suke shan shayi, duk abin da za su yi wa filin a kunnenta. Ƙarfe goma sai wayata ta yi ƙara, ta ce in cire nama daga firji, kada in manta da wasiƙar Enid, af, kuma gobe yashi zai yi zurfi, za su kabce shi saboda sanyi. Ko ta ce ya yi tauri, masu gudun farko za su sha daɗi. Ni kuwa sai in ce na ji, ina ɗaukarsa hirar mata da miji. Ai filin ma na kowane yanayi ake ce masa, an cuɗa yashin da kaki irin na kyandir da zare don ruwa da rana da ƙanƙara duk ɗaya ne a wurinsa, littafin gudu kuma kusan kullum kalma ɗaya yake rubutawa, wai daidai. Na kawo miki wannan ne don ki gane abin da ke tafe.

Daren Laraba aka yi sanyin da ba a yi irinsa ba bana. Da na isa fili da hantsi na ga tarakta biyu suna ta kai da kawo, na gan su da idona, na wuce. Aka sanar cewa wanda ya bar Parkin da tsawon doki tara ba zai zo ba, motarsu ta kasa fitowa saboda ƙanƙara. Na ce to, na huɗu ke nan. Tseren farko na auna shi da agogona, ya yi jinkiri da daƙiƙa uku cur, na rubuta a takarda na rufe. Orla ce za ta hau shi, 'yar Ireland ɗin nan mai bakin tsiya da ta hau shi sau da dama. Na ce mata ta zagaya da shi ta dawo mini da shi lafiya. Ta dube ni ta ce Baba Alwyn, ka san dai ba zan ja masa linzami ba, ba za a kore ni daga aiki saboda kai ba. Na ce ba sai kin ja ba, shekaru za su ja miki. Ta ce Allah Ya sa shi ma ya karanta jaridar.

Ƙarfe biyu da minti goma aka sake su. Orla ta kai shi gaba kamar yadda yake so, sauran suka jeru a bayansa, yana ta watsa musu yashi a fuska. Goɗiyar tun a kwanar farko ta fara ɗaga kai tana ƙin yashin. Ina kallo ta tabarau mai hangen nesa ina jiran inda zai gaji, don na san wurin, daidai bishiyoyin nan na kwanar ƙarshe. Ya wuce bishiyoyin bai gaji ba. Farin ya taso masa, ya zo har gindin sirdi, ya tsaya a nan kamar an ɗaure shi, ƙafafunsa suna nutsewa. Parkin kuwa ya miƙa wuya, kunnuwa a kwance, da wannan mummunan gudun nasa na raƙumi. Mutanen da ke filin ba su fi ɗari uku ba, amma ihun da aka yi sai ki ce dubu ne. Matan kicin, abokan aikin Mamanki, sun fito da atamfofin girkinsu a ɗaure suna tsalle a bakin shinge suna kiran sunanta. Ya ci da tsawon wuya. Ni kuma na danna agogo, na rubuta lokacin.

Madge ta jawo shi da'irar masu nasara tana kuka tana zaginsa, wai tsohon banza, yau ka ga damar gudu. Aka cire sirdi, aka yafa masa bargo, mai gwanjo ya hau ɗan akwatinsa. Mun san juna da shi shekara ashirin. Ya ce jama'a ga shi nan, kun dai ga abin da ya yi, akwai mai tayi? Ya faɗa a gurguje, irin faɗar wanda ba ya son amsa. Mutanenmu kowa ya dubi takalminsa, don a nan ba a taya dokin da aka san labarinsa. Har ya buɗe baki zai ce babu tayi, sai wani mutum mai doguwar kwat ruwan ƙasa, baƙo, ya ɗaga jaridar da ke hannunsa daga can baya.

Bryony, ga inda nake so ki karanta a hankali. Mai doki yana da ikon taya dokinsa ya mai da shi gida, kowa ya san haka, kuma ba maganar kuɗi ba ce, ladan tseren da ya ci ya isa har ya yi saura. Hannu kawai zan ɗaga. Mai gwanjo ya juyo ya dube ni. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubana. Ya ce tayi ɗaya gare ni daga baya, ko akwai na kusa? Madge ta zo wucewa da dokin ta gabana ta ce Alwyn, hannunka. Ta sake zagayowa ta ce don girman Allah ka ɗaga hannu, ko hancinka ka sosa, mai gwanjo zai karɓa a matsayin tayi. Na ji ta sarai. Hannuna yana cikin aljihu riƙe da agogo. Ni kuwa a lokacin ina kallon kofaton Parkin ne, yashi ya kama shi har sama da inda ya saba, sai na ji muryar mahaifiyarki a waya tana cewa af, gobe zai yi zurfi. Na tsaya ina lissafi. Daƙiƙa uku na tseren farko. Taraktocin safe. Zaɓina da ya daina ci tun Nuwamba. Shekara talatin da huɗu ina sa sunana a ƙarƙashin shafin nan, ashe rabin aikin dunduniyarta ce ke yi, nakan ce na ji, alƙalamina kuma ya gyara ba tare da na sani ba. Ina cikin wannan lissafin na ji mai gwanjo ya buga takardarsa a tafin hannu ya ce an sayar.

Ba suma na yi ba, ba ruɗewa na yi ba, kada wani ya gaya miki haka don ya rufa mini asiri. Ina tsaye da hankalina, na san abin da ake yi, na san abin da ya kamata in yi, hannun ne kawai ya yi mini nisa. Madge ta cire masa ragamarmu da kanta, aka sa masa ta baƙon, ta zo ta dangwara mini tamu a ƙirji. Orla ta fito daga awon nauyi ta tarar an gama, ta ce da ta sani da ta faɗo daga kansa a kwanar ƙarshe. Na koma gida da ragama a kujerar gefe, na dafa ƙwai biyu na ci. Da yamma na buɗe tsofaffin littattafai na bi nasarorinsa goma sha ɗaya na baya, na haɗa da kwanan wata. Tara daga ciki ranakun ƙanƙara ne.

Clem ya iso washegari da sassafe. Bai zauna ba. Ya ce shi bai ga laifin doki ba, bai ga laifin baƙo ba, laifinsa ne shi da ya bar ɗan littafi ya koya masa doki a kicin ɗinsa. Ya ce 'yar'uwarsa Glenys ta auri mutumin da zai iya gaya maka abin da doki ya yi shekara biyar da suka wuce, amma ba zai iya ganin wanda ke tsaye a gabansa ba. Ban musa ba. Duk da haka ranar Lahadi shi ya ɗauke ni a motarsa, awa uku zuwa kan iyakar Wales, wurin baƙon da ya sayi Parkin. Sunan mutumin Prosser, yana da ƙaramar barga mai tsabta. Na so a ce mugu ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Ya ba mu shayi da burodin matarsa, ya saurare ni har na gama, na gaya masa alkawarin da komai, na ce ya faɗi abin da yake so a kai.

Sai ya tashi ya kai ni ɗakin sirdi, ya nuna mini bango. Shafina ne na ranar, ya yanke ya kafe da ƙusa. Ya ce shi goɗiyar ya je saya, yana karanta ni tun yana saurayi, kuma bai taɓa ganin na yabi doki haka ba. Ya ce shekara ashirin yana neman dokin da ba ya ɗingishi, ba ya ƙin abinci, wanda zai ja masa ƙananan dawakinsa gaba da safe ya kuma ci masa tsere ɗaya biyu da sanyi. Ya ce Malam Alwyn, ai kai ka sayar mini da shi tun da safe, ni hannu kawai na ɗaga, kuma na tsaya ina jiran ka ɗaga naka in haƙura, sai na ga ko motsi ba ka yi ba, na ce to mai shi ya gaji da shi. Ya ce ba zai sayar ba, kada in ji haushi, amma in ya gama da shi nan da shekara ɗaya ko biyu zai kira ni, in Allah Ya kai mu da ni da dokin. Na je na ga Parkin. Ya leƙo, ya karɓi alewar na'ana'a daga hannuna, ya shinshina aljihuna ko akwai saura, ya juya ya koma kan ingiricinsa. Sun shimfiɗa masa ciyawa mai kauri, ba abin da zan ce sun rage shi da shi.

Jibi Alhamis zai yi gudu na ɗari da ɗaya, a filinmu, da sunan Prosser, kuma gobe dole in rubuta layinsa kamar na kowa. Don haka yau da safe na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je filin, na durƙusa da gwiwar nan tawa na ratsa ta ƙarƙashin shinge, daidai bayan kicin inda take ratsawa. Na danna dunduniyata a yashin na murza. Na sake dannawa. Bryony, ban san abin da nake ji ba. Ko zurfi ne, ko tauri ne, ko daidai ne, wallahi ban sani ba, yashi ne kawai. Na daɗe a tsaye a wurin da ƙafa ɗaya a gaba. Wani mai tarakta ya tsaya ya kashe inji, ya leƙo ya ce Glenys da ta hagu take yi. Na sauya ƙafa, ban ji bambanci ba. Ya ce in zo in sha shayi, na ce na gode, na koma mota na zauna. A nan ne allurar ta ɗan sake ni, kamar minti goma, na yi kukan da ban yi ba a makabarta. Daga nan ta dawo, na tuƙo gida na ɗauki takarda.

Na san kun sayi tikitin Ista, na san kin gaya wa Imogen za ta hau dokin kakarta a filin bayan gida, ta ma aiko mini da zanensa mai ƙafa biyar, yana jikin firji. Ba zan ce kada ku zo ba, ina so ku zo. Amma ke za ki gaya mata, ni ba zan iya ba. Ba kuma zan ce ki yafe mini a takarda ba. Na yi wa mahaifiyarki alkawari a gabanki, na cika rabin da ba shi da amfani, na zubar da rabin da take nufi. In kin ga dama ki kira ni ki faɗi duk abin da ke bakinki, zan riƙe wayar har ki gama.

Ki gaishe mini da Marek da kyau, ki ce na gode da safar ulun da ya aiko, ita ce a ƙafata yau. Ki sumbaci Imogen, ki gaishe da surukarki Halina, Allah Ya ƙara mata sauƙin ƙugun. Gwaggonki Enid tana gaishe ki, Kawunki Clem ma ya ce in gaishe ki, ita ce doguwar maganar da ya yi mini a makon nan. Matan kicin suna tambayarki.

Saura abu ɗaya, kuma shi nake so ki amsa mini ko da ba za ki ce komai a kan sauran ba. Ranar Litinin za a kawo wa Clem sabon doki, ba shi da wurin sa shi sai ɗakin Parkin. Madge ta tare ni jiya ta ce za ta wanke ɗakin da ruwan zafi, me za ta yi da bayan ƙofa? Layukan suna nan casa'in da tara. Ban ja na ɗarin ba, don bai dawo ya shiga ya sa baki a ruwa ba, kuma allin yana kan taga inda Mamanki ta ajiye shi. Na ce wa Madge ta dakata sai na tambaye ki. Ki gaya mini abin da zan ce mata kafin Litinin.

Allah Ya tsare mini ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
Alwyn Stennett